Shekarata 48, ina son komawa karatu amma maigida bai amince ba

Assalamu alaikum Hajiya, tare da fatan kina lafiya, ke da dukan ma'aikatan wannan shiri mai albarka.

Ni malamar makarantar firamare ce a Zariya, shekarata 48, kuma 'ya'yana duk sun tasa, har autata ta shiga jami'a. Tun bara jinin al'ada ya fara yi mini wasa, sannan ya ɗauke gaba ɗaya, ga zafin jiki da gumin dare da ke hana ni barci. Da na je asibiti, likita ta kwantar mini da hankali cewa wannan ba cuta ba ce, domin yawancin mata sukan daina al'ada ne tsakanin shekara 45 da 55.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ƙawayena suka riƙa yi mini jaje kamar wadda aka yi wa rasuwa, wata ma ta ce in shirya tarbar amarya tun da na gama zamanina. Ni kuwa, Allah ya sani, ban taɓa jin natsuwa irin ta yanzu ba. Azumin bana na yi shi cif ba tare da ramuwa ba, sallata ba ta yankewa, kuma bayan sallar asuba, lokacin da a da nake fama da wankan yara da haɗa musu abin kari, yanzu nakan zauna da littafi a hannu har gari ya waye sosai. Na lura kuma maganganun mutane, waɗanda a da sukan hana ni sakat, sun daina damuna.

Wannan sarari da na samu ne ya sa nake son shiga Jami'ar Karatu daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, domin in ɗora digiri a kan takardar NCE da nake da ita, tun da tsarinta bai buƙatar in bar gidana ko aikina. Ko da a shekara 60 zan yi ritaya, ina da sauran shekara 12 a aji, balle ga dokar da aka sa wa hannu a 2022 wadda ta kai wa'adin malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki.

Da na kawo wa maigida maganar, bai yi faɗa ba, sai dai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ki bar wa yara boko, ke ki jira jikoki." Babban ɗana ma ya ce abin kunya ne a gan ni a ɗakin jarrabawa tare da sa'o'insa. Na tuna musu cewa Manzon Allah (SAW) yana da shekara 40 aka fara saukar masa da wahayi, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ta ci gaba da rubutu da karantar da mata har cikin tsufanta, amma suka ce in daina haɗa kaina da manya. Ina zargin abin da ke ran maigida ba kuɗin makaranta ba ne, domin da adashena zan biya. Ina ganin ya saba da matar da kullum take gida tana jiran dawowarsa, yanzu kuma yana ganin wata daban da bai gama saninta ba.

Hajiya, mijina mutumin kirki ne, kuma ba na son in yi abin da babu yardarsa. Ta wace hanya zan fahimtar da shi cewa wannan sauyi ba zai rage masa komai ba? Shin ya dace in sa yayansa, wanda yake jin maganarsa, ya sa baki, ko kuwa hakan zai zama kamar na kai ƙararsa ne? Sannan wannan ƙwarin gwiwa da nake ji, kina ganin abu ne mai ɗorewa da zan iya gina shiri a kansa, ko yana cikin sauye-sauyen jikin da likita ta ce za su lafa?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Mai sauraronki daga Zariya