Barka da Sallah Daga Bakin Tafki

Assalamu alaikum, Baba da Inna.

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Da safe muka yi Idi a cikin masallaci, kowa ya ruga wurin aiki domin a Holan ba a ba da hutun Sallah, sai yanzu da yamma na samu zama a bakin tafkin Weerwater da ke tsakiyar gari nake rubuto muku.

Baba ya sha tambayata irin garin da nake zaune. Almere ƙaninka ne nesa ba kusa ba, domin a da filin nan duk ruwa ne, aka kewaye shi da ganuwa, aka zuƙe ruwan har ƙasa ta bayyana a 1968, mutanen farko suka tare a 1976. Har yau gidajenmu suna ƙasa da teku, injuna ne ke kwashe ruwa. Komai sai da aka zana a takarda kafin a ɗora bulo, hanyar keke daban, ta bas daban, shi kansa tafkin haƙa shi aka yi. Ga yashi a gefe inda yara ke wasa, ga ƙananan jiragen ruwa suna yawo, tsaf-tsaf da shi, amma shirun ya yi mini yawa.

Abin da ya tayar mini da kewa dawakai ne. A dajin da aka keɓe tsakaninmu da garin Lelystad akwai su garke-garke, ba sirdi, ba linzami, ba mai hawa, ci kawai suke yi. Na tsaya ina kallonsu, zuciyata tana Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe: ƙura ta turnuƙe, kakaki da algaita suna tashi, 'yan lifidi suna wucewa, ni kuma ina bisa wuyan Baba ina toshe kunne saboda 'yan bindiga. Gobe duk wanda ya je ya ɗauko mini ko da ƙarar ce a waya.

A gaida Kawu da iyalinsa, da Yaya, da maƙwabta. Goggo kuwa a durƙusa mini a gaishe ta, a ce ina shafa man da ta ba ni, ina rufe ƙirji saboda iskar ruwa kamar yadda ta ja mini kunne, kuma hular da ta saƙa ce a kaina yau. Autar Inna, goron Sallarki na tafe.

Ɗanku mai kewarku.