Godiya ga Alhaji Mai Shagon Tocila na Kasuwar Sabon Gari da Yaransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin 'yan uwana matasan unguwarmu a nan Kano, waɗanda muke haɗa taro da sisi duk shekara idan sanyi ya kawo jiki, mu sayi bargo da abin da ya sawwaƙa mu kai wa bayin Allah masu kwana a waje. Ka roƙe mu kada mu ambaci sunanka ko lambar shagonka, kuma mun kiyaye. Amma ba ka hana mu faɗin abin da ka yi ba, kuma yabon gwani ya zama dole.

Bana mun ƙara tocila a cikin kayan rabo, kuma matan da muke kai wa ne suka roƙa. Yawancinsu 'yan bindiga ne suka koro su daga ƙauyukan Zamfara da Katsina, suka zo suka raɓa a kangwaye da 'ya'yansu. Kango ba shi da banɗaki. Idan lalura ta kama mace ko yaro cikin dare, sai a ratsa ciyawa da fasassun kwalabe da kwata cikin duhu, ga kunama, ga maciji, ga mutumin banza da ba a san inda ya laɓe ba. Abin da suke haskawa da shi kyandir ne ko aci-balbal, a ɗakin da ƙofarsa buhu ce, shimfiɗarsa kwali, rufinsa leda. Duk wanda ya san iskar hunturu ya san abin da hakan ke nufi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kashe fitilu idan za a kwanta, domin ɓera na iya jan lagwani ya ƙone mutanen gida. To amma uwar da jaririnta ke farkawa tsakar dare, da me za ta duba shi?

Da muka shigo shagonka muka faɗi abin da ya kawo mu, yaronka ya fara sauko mana da manyan tociloli na caji, irin waɗanda suka fi tafiya a kasuwa. Kai kuwa sai ka ɗaga masa hannu, ka dube mu ka ce, "A ina za su yi cajin?" Wannan tambaya ita ta gyara mana komai. Wanda ba shi da ɗaki ba shi da soket. Sai dai ya kai wa mai cajin waya ya biya, kuma kuɗin da zai biya shi ne na kokon safiyarsa. Ka tuna mana watan Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki, masu gidajen kansu ma suna layi wurin masu janareta. Sannan ka buɗe mana cikin guda ɗaya ka nuna mana ɗan batirin dalma da ke ciki, ka ce irinsa idan ya ƙare aka bar shi ya daɗe babu caji, mutuwa yake yi gaba ɗaya, tocilar ta zama robar banza. Waɗannan su ne suka fi kawo maka riba, Alhaji. Da hannunka ka mayar da su kan kanta.

Inda ka fi daɗewa da mu shi ne kan batirin litiyam, dogon nan mai lamba 18650 da ake sa wa tociloli masu ƙarfin haske. Ka ɗora min guda biyu a tafin hannu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na dama yana da nauyi, na hagu kuwa sakayau, alhali shi ne aka rubuta wa 9900 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa, da manyan haruffa. Ka ce na gaskiya, na manyan kamfanoni, ba ya wuce 3500 da wani abin kirki, saboda haka duk wanda ya ga irin wancan rubutu ya san ƙarya ce. Matsalar ba ta tsaya ga saurin ƙarewa ba. Irin wannan batir, idan ya sha zafin rana, ko ya lotse, ko aka yi masa caji da cajar banza, yana iya kumbura ya kama da wuta, kuma mai kwana a waje jakarsa ce matashin kansa. Da ka ambaci gobarar da ta cinye kasuwarku a watan Maris na 2016, muryarka ta canja, muka gane ba don ciniki kake wannan magana ba.

Akwai wata tocila ta ƙarfe, baƙa, mai haƙora a baki, wadda ta ja hankalin wasu daga cikinmu. Ka ce a bar ta, kuma dalilinka ba na lantarki ba ne. Mai dakon da ke kwana a rumfar kasuwa, ko tsohon da ke kwana a tasha ko ƙarƙashin gada, idan 'yan sintiri suka tashe shi da dare suka ga irin wannan a jikinsa, makami za su kira ta, ya shiga bayanin da ba mai saurarensa. Idan kuma 'yan daba ne suka gani, za su ƙwace, wataƙila har da duka. Abin da ya yi kama da mai tsada masifa yake jawo wa wanda ba shi da ƙofar da zai kulle. Wannan ilimi ne na wanda ya san mutane, kuma ba kowane mai shago ne zai tsaya ya yi wa wanda bai taɓa gani ba irin wannan tunani.

'Yan ƙananan nan na jikin makulli ma ka hana, duk da su ne mafi araha, saboda batirinsu mai kama da maɓallin riga. Yaro ƙarami yana iya haɗiye shi, kuma cikin sa'o'i kaɗan ya ƙone masa maƙogwaro. A kango kuwa yara sun fi manya yawa.

Wadda ka zaɓa mana a ƙarshe ba ta da wani kwarjini. 'Yar roba ce mai kauri, ruwan ɗorawa, don a gan ta idan ta faɗi cikin ciyawa. Ƙwanta LED ne, wanda ba ya cin batir kamar ƙwan da, kuma ba ya saurin mutuwa idan ta faɗi. Tana cin ƙananan batura biyu samfurin AA, waɗanda ko wane mai tireda yake sayarwa, a birni ko a ƙauye. Makunninta na turawa ne, a kunna a kashe, babu walƙiya babu wasu matakai da za su rikita tsohuwa. Haskenta daidai ganin hanya da duba cikin jaka, ba ya tashin na kusa daga barci, ba ya sanar da duniya inda mace take, kuma shi ya sa batirin ke kai darare masu yawa. Tana da igiya a gindi, a rataya a wuya ko a ɗaura a hannu. Ga iyalan da suka ɗan zauna wuri ɗaya, ka ba da shawarar a haɗa musu da 'yan ƙananan fitilun sola, tunda su suna da wanda zai tsare fitilar a rana. Mai dako da ke yawo tun asuba ba shi da wannan.

Ka ba mu a farashin sari, batura kuwa ka ce uwar kuɗi kawai za mu biya. Ka zaɓo irin waɗanda ake kira alkaline, ka ce sun fi daɗewa, masu arahar nan kuma suna saurin zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne aikin yaranka. Sun zauna a kan benci suka buɗe kwalaye duka, suka kunna kowace tocila ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi ƙyafta-ƙyafta su ware ta su kawo wata. Bayan haka suka yanka 'yar takarda suka saƙala tsakanin batir da murfi, don kada ta kunna kanta a cikin buhu kafin ta isa hannun mai ita. Masu ciniki suna tsaye suna jira, amma ba wanda ya yi mana gaggawa. Ƙaramin cikinsu har ya biyo mu ranar rabo bayan an tashi kasuwa, yana nuna wa tsofaffi yadda ake juya batir, yana jan kunnensu kada a jefa mataccen batir cikin wutar jin ɗumi, kada kuma a bar wa yara su fasa.

Mun koma zagaye bayan rabon. Wata baiwar Allah mai goyo ta ce tun da ta samu ba ta sake sayen kyandir ba, kuɗinsa ya koma na sabulu. 'Yan kaɗan da makunninsu ya saki mun dawo maka da su, ka canja ba tare da ka nemi rasit ba.

Ga sauran ƙungiyoyi da masu niyyar irin wannan alheri, ina ba ku shawara ku haɗa kowace tocila da batura na canji, ku kuma sa kuɗin batir cikin lissafinku na watannin gaba, domin nan ne hidimar take. Mu dai mun riga mun yi magana da Alhaji zai ajiye mana kwali guda kafin damina.

Allah Ya saka maka da alheri, Alhaji. Allah Ya yi wa kasuwarka albarka, Ya tsare ta daga gobara da asara, Ya jiƙan magabatanka, Ya ba yaran shagonka nasu shagunan. Allah Ya mayar da waɗannan bayin Nasa gidajensu lafiya. Amin.

Wassalam.

Naka,
Sakataren matasan unguwa, a madadin sauran 'yan uwa,
Kano.