Wasiƙa daga Jibiya

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya sanyin Ankara, ya karatu? Mutanen gida duk lafiya. Inna tana gaishe ka, ta ce ka rame a hoton da ka turo.

Saƙonka ya iso, na karanta har sau biyu. Ka ce malamanku sun raba masana hulɗar ƙasashe gida biyu. Akwai masu cewa doka da yarjejeniya da ƙungiyoyi irin su ECOWAS, ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ne ke tsare zaman lafiya, akwai kuma masu cewa duk wannan ado ne, kowace ƙasa ƙarfinta da ribarta kawai take dubawa. Kai wai ka koma gida na biyu, don su ba sa yaudarar kansu. To bari in ba ka labarin abin da muka gani a bakin iyaka.

Ka tuna ranar 26 ga Yulin 2023 da sojojin Janar Tchiani suka tsare Bazoum, shugaban ƙasar Nijar. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, Tinubu na jagoranta, suka ba su wa'adin mako guda. Hujjar da aka kafa ta 'yan gidan farko ce tsantsa: yarjejeniyar ECOWAS ta 2001 ta haramta karɓar mulki ba ta hanyar zaɓe ba. Amma sandar da aka ɗauko ta 'yan gidanku ce. Aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta, aka fara kaɗa gangar yaƙi.

Ka san Goggo ta Maraɗi da sana'arta ta ƙanƙara da zoɓo. Firji biyu gare ta. Da na samu na lallaɓa ta hanyar daji a kan babur na je duba ta, sai na tarar ta mai da ɗaya wurin ajiye kwanuka. Ta ce min, "Wai ni ce na yi juyin mulkin?" Wallahi na rasa amsa. A nan kuwa manyan motoci sun yi layi a Magama, bakin iyaka, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu, kaya na ruɓewa a sama.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, mai lissafin riba na gaskiya ba zai taɓa wutar nan ba. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga wajenmu Najeriya yake zuwa, kuma ba sadaka ba ce. Kogin Kwara ta ƙasarsu yake bi kafin ya iso madatsar Kainji, ana ba su wuta ne don kada su tare ruwan a sama. Ga shi suna gina madatsar Kandaji. Sannan iyakar nan ta kai kilomita 1,500, jihohi bakwai ne a bakinta tun daga Kebbi har Borno, 'yan bindiga na tsallakawa yadda suka ga dama. Wa ke ɓata wa irin wannan maƙwabcin rai?

Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi yarda da yaƙi. Malamai da sarakuna ne suka riƙa zirga-zirga Yamai har ƙura ta lafa. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumi, Bazoum na nan a tsare. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Ba tsuntsu, ba tarko.

Don Allah ka tambayar min malaminku: a cikin gidajen nan biyu, a wanne ake lissafa firjin Goggo? Ka rubuto min amsarsa yadda ya faɗa, kada ka gyara masa.

Gero ya yi kyau bana. In za ka zo hutu, ka taho wa Inna da rigar sanyi mai kauri.

Naka har kullum,
Abokinka na Jibiya