Wasiƙa Zuwa Kumasi: Kafin Ka Sake Haɗiyar Wata Ƙwaya

Zariya,
Daren Juma'a.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da mutanen zango baki ɗaya. Mu nan alhamdu lillahi, sai hunturu da ya sauko da ƙarfinsa.

Saƙon muryar da ka turo mini ranar Talata sau uku na saurare shi. Na ji yadda ka yi ta kewaye-kewaye kafin ka fito da maganar, kuma na san a waya ba za ka sake ba, tunda yara na gefenka. Shi ya sa na zauna na rubuta. Nauyin nan da kake ji tsakanin maraina da dubura kamar ka zauna a kan tsakuwa, da zafin fitsari, da tashi sau huɗu cikin dare, da ɗigon da ke biyo baya ka gama tsarki ya ɓata maka alwala, babu wanda ban sani ba. Shekara uku da suka wuce na sha wannan wahalar, kunya ce ta hana ni gaya maka.

Sunan da likita ya ba abin shi ne kumburin furostet. Furostet ɗin nan wata 'yar tsoka ce da ba ta wuce girman ƙaramin goro ba, tana zaune ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar fitsari, ita ce ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Idan ta kumbura sai ta matse hanyar, zafin kuma ya bazu zuwa mara da ƙugu da cinyoyi. Mu a nan kome ya taɓa namiji daga cibiya zuwa ƙasa sai a ce masa sanyi, wannan sunan kuwa shi ya ɓatar da ni wata bakwai.

Kemis na fara zuwa, kamar yadda kai ma ka yi. Yaron shagon ko tambayata bai gama yi ba ya miƙo mini ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana biyar. Na sha, na ji sauƙi, bayan sati uku abu ya dawo. Na koma, ya sake ba ni. Sau uku muna haka. Kuma ka san ni da fura, kullum da rana sai na haɗiyi ƙwayar na kora da fura da nono. Sai da na je gaban likitan mafitsara na ji cewa kuskure biyu nake tafkawa a lokaci guda. Na farko, kwana biyar ba ya isa, domin magani ba ya ratsa furostet da sauƙi, sai an daɗe ana sha. Na biyu, nono da kindirmo da madara suna riƙe wannan maganin a ciki su hana shi shiga jini, haka ma maganin ƙwannafi mai kama da alli da ƙwayar ƙarin jini. Ya ce in sha shi awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Ranar na fito daga ɗakinsa jikina a sanyaye, ina tunanin kuɗi da lokacin da na zubar.

Abin da nake so ka riƙe, Malam, ciwon nan ba iri ɗaya ba ne, kuma maganin wani bai yi wa wani. Akwai mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari da ciwon jiki, wani lokaci fitsarin ya tsaya cak. Wannan ƙwayoyin cuta ne suka afka wa furostet, yawanci irin wadda ake kira E. coli, mai fitowa daga hanji. Idan ka taɓa ganin haka, ko a tsakiyar hanya kake, ka ajiye mota ka nufi asibiti a daren, don cutar na iya shiga jini. A can allura ake farawa da ita ta jijiya, irin su ceftriaxone ko gentamicin, in jiki ya lafa a koma ƙwaya har sati biyu zuwa huɗu. Akwai kuma mai ƙwayoyin cutar amma a hankali yake ci, ya tafi ya dawo, shi ne nawa. Sai na uku, wanda ya fi kowanne yawa, don kusan tara cikin goma na masu wannan kuka shi ne da su: ga zafi, ga wahalar fitsari, amma a auna a rasa ƙwayar cuta ko ɗaya. Mai irin wannan ko buhun maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shanye ba lallai ya ga canji ba, sai dai ya lalata cikinsa.

Saboda haka kafin a rubuta mini kome sai da aka kai fitsarina ɗakin gwaji aka shuka shi don a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, bayan kwana uku sakamako ya fito. E. coli ce, Septrin ya daina kama ta, amma ciprofloxacin na kama ta har yanzu. Aka ɗora ni a kan miligiram 500 safe da yamma na sati shida cur. Wasu levofloxacin ake ba su, sau ɗaya a rana. Wanda gwaji ya nuna Septrin na yi masa aiki ana iya ba shi, amma da zarar ƙuraje sun feso masa ko baki ya fara salewa dole ya tsaya ya koma wurin likita. In kuwa cutar ta saduwa ce, kamar wadda ake kira kilamidiya, to doxycycline ko azithromycin ne maganinta, kuma tare da iyali ake sha, in ba haka ba a yi ta mayar wa juna. Na san wannan magana ce mai nauyi a gida, amma ɓoye ta cutar da baiwar Allah ne.

Kada ka ɗauka ciprofloxacin da 'yan uwansa abin wasa ne don ana sayar da su kamar alewa. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka buga babban gargaɗi a kwalinsu, cewa suna iya kumbura agara har ta tsinke, musamman ga wanda ya haura sittin ko mai shan irin su prednisolone. Likitana ya ce in na ji zafi a bayan diddige, ko tafin ƙafa na yi mini kamar ana tsira allura, in dakata in zo. Kai kuma da ka ce an taɓa ce maka sugarka ta ɗan hau, ka faɗa wa likita tun farko, domin suna iya hargitsa sugar, ta hau ko ta faɗi.

Bayan sati shida aka sake gwaji, ƙwayar cutar ta tafi, amma fitsarin bai saki sosai ba. Nan aka ƙara mini tamsulosin, ɗan kafso mai miligiram 0.4, guda ɗaya a rana bayan abinci. Ba ya kashe kome, aikinsa sassauta tsokar wuyan mafitsara da ta furostet don fitsari ya wuce. Alfuzosin da doxazosin ma danginsa ne. Ya taimake ni ƙwarai, cikin kwana goma na koma tashi sau ɗaya da dare. Sai dai a asubar farko da na fara shi, na ɗago daga sujada zan miƙe raka'a ta biyu, sai na ga fitilar masallaci ta yi duhu, ƙafafuna suka saki, na dafa kafaɗar wanda ke damana. Maganin yana sa jini ya sauka idan mutum ya miƙe da sauri. Daga ranar na koyi in zauna bakin gado in ƙirga ashirin kafin in tashi. Kai da kake jan tirela daga Kumasi zuwa Bolgatanga har Paga, kada ka fara shi ranar da za ka kama hanya, ka bari sai kana gida kwana biyu ka ga yadda jikinka zai karɓe shi. Wani kuma zai ga maniyyi ya ragu ko bai fito ba sam, yana komawa mafitsara ne, in an daina shan maganin sai ya dawo daidai. Kada ka haɗa shi da ƙwayoyin ƙarfin maza ba da sanin likita ba, su biyun tare suna iya kayar da mutum. In wata rana za a yi maka aikin yanar ido, ka gaya musu ka taɓa shan sa.

Batun zafi kuwa, ibuprofen ko diclofenac suna rage shi da kumburin, amma na 'yan kwanaki ne, bayan an ci abinci. Kai mai gyambon ciki ne tun muna makaranta, ka faɗi wannan kafin a rubuta maka, don suna iya tayar da shi har ya yi jini, ga kuma ƙoda da suke gajiyarwa. Farasitamol ya fi maka sauƙi. Ni da zafin ya ƙi ƙarewa bayan wata biyu, amitriptyline kaɗan aka ba ni da dare. Na ɗan ja baya da na ji ana ba masu ciwon damuwa shi, sai likita ya bayyana mini cewa kaɗan ɗin nan jijiyoyin da suka saba kai saƙon zafi yake kwantarwa. Yana busar da baki, yana sa barci, ka ga shi ma ba na mai tuƙin dare ba ne. Wasu gabapentin ko pregabalin ake ba su. Finasteride kuma, da za ka ji ana ambata, na wanda furostet ɗinsa ta girma ne saboda shekaru, sai ya yi kamar wata shida kafin a ga amfaninsa. Amma tramadol, don girman Allah, ko abokan tasha sun miƙo maka kada ka karɓa. Ka ga abin da ya yi wa samarin unguwarmu.

Abu biyu ka tuna in ka je asibiti. Ka ce musu mun yi wanka a kududdufi muna yara kuma ka taɓa yin tsargiya, domin ƙwan tsutsarta na iya zama a mafitsara da furostet shekara da shekaru, maganinta kuma daban ne, praziquantel. Sannan in an auna jininka aka ce awon PSA, wanda ake duba lafiyar furostet da shi, ya hau, kada hankalinka ya tashi ka ce daji ne, kumburin kansa yana ɗaga shi, sai an warke a sake aunawa.

Ban raina jiƙe-jiƙen gida ba, amma na kwalbar nan da ake tallarsa da lasifika a tasha, wanda aka ce yana maganin sanyi da basir da rashin ƙarfi duk a haɗe, ba ka san abin da aka zuba ciki ba. Abin da ya yi mini amfani a gida mai sauƙi ne. Bayan isha'i uwargida ta zuba mini ruwan ɗumi a baho, in zauna ciki minti goma sha biyar, sai in ji ƙullin nan ya saki. Na rage yaji da goro da shayi mai kauri, na ƙara ruwa da rana, na kiyayi taurin bayan gida. Maganin mura mai buɗe hanci ma na daina sha barkatai, yana iya ɗaure fitsari. Kai kuma ka sa matashi mai laushi a kujerar mota, duk awa biyu ka sauko ka taka.

Asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana nan kusa da kai, akwai likitocin mafitsara. Ka ɗauki katin inshorarka da kwalayen duk abin da ka sha a wata ukun nan, ka zube musu a tebur. Ka gaya musu ranar da ka sha ƙwaya ta ƙarshe, don tana iya ɓoye cutar a gwaji. In sakamako ya fito ka ɗauki hotonsa ka turo mini ta WhatsApp, ina jira.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan auta. Inna ta ce a gaya maka har yanzu tana jiran goron da ka yi mata alkawari. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne.

Wassalam,
Naka amini.