A bar yara su karanta Majnun Laila, amma a fara da dattawan ciki

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na ga wasiƙar da wani bawan Allah ya aiko muku daga Jidda, yana kukan an ba 'yarsa wasan kwaikwayon Majnun Laila ta karanta, har yana tambaya ko ilimi ne ya ƙare da za a koma koya wa yara soyayya. Ni malama ce, Larabci nake koyarwa a nan Makka, kuma yawancin ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne da aka haifa a Shara Mansur da kewayenta. Ban ga laifin Alhajin ba, duk mai 'ya mace a wannan zamani hankalinsa ba a kwance yake ba. Sai dai da alama sunan littafin ya ji, bai buɗe shi ba.

Ahmad Shauƙi na Masar, wanda aka naɗa sarkin mawaƙan Larabawa a 1927, shi ya rubuta wasan cikin waƙa gab da rasuwarsa a 1932. Labarin ba nasa ba ne. Na Ƙaisu ɗan Mulawwah ne, ɗan ƙabilar Banu Amir na zamanin Banu Umayya, wanda son Laila ya haukata har ake ce masa Majnun Laila, kuma tun ƙarni na 10 marubuci Abul Faraj ya tattara ruwayoyinsa a littafinsa Kitabul Aghani, har da maganar masu cewa ba a taɓa yin mutumin ba. A ƙasar nan ta Saudiyya aka ce abin ya faru. Dutsen Taubad, inda ake cewa Ƙaisu da Laila sun yi kiwo tare suna yara, yana nan a yankin Aflaj kudu da Riyad, babban garin yankin ma sunansa Laila.

To me ya raba su? Ba addini ba ne, ba kuma talauci ba. 'Yan uwa ne, dangi ɗaya. Al'ada ce ta ce duk wanda ya ambaci budurwa a waƙa har sunanta ya shiga bakin duniya, ba za a ba shi aurenta ba, don kada a ce an yi ne a rufe wata ɓarna. Wato an san babu abin da ya faru, amma an gwammace a kashe rai biyu da a bar masu tsegumi su sami na faɗa. Wannan shi ne ƙashin bayan wasan, kuma a nan nake fara darasi. Kafin mu karanta baiti ko ɗaya na bege, sai na sa ɗalibai su nemo mini manyan da ke ciki: Mahdi uban Laila, da Ibn Auf wakilin hukuma da ya zo neman sulhu, da Munazil mai hura wutar gulma saboda shi ma yana so. Kowanne sai mun tambayi me ya ji tsoro, me ya yi, me ya kamata ya yi.

Akwai wani wuri a farkon wasan da yaranmu ke ganewa tun ban yi bayani ba. Ƙaisu ya zo gidan su Laila da dare wai ɗiban wuta. Ya tsaya hira, wutar tana cin hannun rigarsa bai ma sani ba, har uban ya fito ya kore shi, yana tambayarsa shin wuta ya zo nema ko gidan ya zo cinna wa. Ajin kan ɗauki dariya, don duk wadda ta zauna da kakarta ta san abin da ake nufi da zuwa ɗiban wuta. Daga nan kunyar littafin kan sake su.

Inda ake yin ta kuwa shi ne lokacin da Ibn Auf ya roƙi Mahdi, shi kuma ya ce a tambayi yarinyar. Mutane da yawa ba su san wannan ba: a wasan Shauƙi, Laila ce da bakinta ta ƙi Ƙaisu, ta zaɓi Wardu ɗan ƙabilar Saƙif, alhali zuciyarta na wajen wancan. Da muka zo nan a bara, wata ta miƙe ta ce, “Malama, wannan ai tsoro ne, ta cuci kanta ta cuci Wardu.” Wata daga baya ta ce a'a, mutuncin babanta ta saya da ranta, kuma zaɓin da aka ba ta a gaban jama'a ba zaɓi ba ne. Sai wata mai shiru-shiru, wadda da wuya ka ji muryarta, ta ce ita Ƙaisu take tuhuma, domin wanda ya yi ta yawo da sunan yarinya a waƙa bai da bambanci da mai ɗora hotonta a Snapchat ya ce so ne ya sa shi. Ƙararrawa ta kaɗa ba wadda ta tashi. Ban ji ɗaya da ta ce tana sha'awar rayuwar Laila ba, balle ta Ƙaisu da ya ƙare a daji cikin namun dawa ba riga.

Ga Alhaji mai wasiƙa, ina cewa: soyayyar da kake gudu tana cikin wayar da ke hannun 'yarka, ba malami, ba mai tambaya. A aji ne kaɗai ake tsayar da labarin a ce, to, wa ya yi kuskure a nan? Har gaba ma Shauƙi ya nuna Ƙaisu ya nemi Laila ta gudu da shi bayan aurenta, ta ƙi. Wannan shafin ai uba ne ya kamata ya so 'yarsa ta gani.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, al'adar Banu Amir ba ta mutu ba, riga ta sauya. A cikinmu nan ana hana aure don yaro ba shi da igama, wato takardar izinin zama, ko don su 'yan ƙasa ne shi takari, ko don an tono kakansa sana'a kaza yake yi a Kano. Wani dalilin yana da kama, tunda auren ɗan ƙasa da baƙo sai da izinin hukuma, kuma takarda tana shafar makomar 'ya'ya. Wani kuwa tsoron “me za a ce” ne tsagwaronsa. Alhali Ibn Majah ya ruwaito cewa ba a ga abin da ya dace da masoya biyu kamar aure ba. Yaran sun san waɗannan labarai a gidajensu, ba su da wurin faɗa ne. Idan suna maganar Mahdi, sau da yawa wani kawunsu suke nufi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara da Romeo da Juliet, kamar yadda wasu makarantun Turanci ke yi wa 'yan shekara 13. Wasan Shakespeare ne mai kyau, gabar gidaje biyu a Verona ta cinye 'ya'yansu. Amma Juliet ba ta cika 14 ba, an ɗaura aure a ɓoye washegarin haɗuwa, aka ƙare da guba da wuƙa. Wannan sai manyan aji, da malamin da ya shirya yin maganar kisan kai ba kwana-kwana. A wasan Shauƙi ba wanda ya kashe kansa. Baƙin ciki ya ci Laila, Ƙaisu ya cika a bakin kabarinta.

Ga 'yan uwana malamai: kada a ba yara littafin Shauƙi su tafi da shi gida. Larabcinsa yana da nauyi, yarinyar da ta saba da harshen kasuwar Utaibiyya za ta ajiye shi a shafi na uku. A raba musu matsayi, a karanta da murya, ba sai da dandamali ko kayan ado ba. Ni nakan sa su mayar da fage ɗaya Hausa su karanta wa iyayensu mata, tunda Hausar da yawansu ta fara yin rauni. Wata uwa ta aiko mini cewa ita Wardu ta tausaya wa, mutumin da ya auri gangar jiki kuma bai wulaƙanta ta ba.

Malam Edita, roƙona biyu ne. Ku ba iyaye da malamai shafi su yi wannan muhawara da sunan littafi a hannu. Sannan idan cikin masu karatunku akwai mai Larabci da kunnen waƙar Hausa, ya taimaka ya fassara mana fagen Ibn Auf da Mahdi, zan karantar da shi a zangon da ke tafe.

Wassalam.

Wata malamar Larabci,
Makka, Saudiyya