Wasiƙa daga Garwa zuwa ga aminina a Yawunde

Garwa, 14 ga Afrilu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan sai godiya, in ban da zafi. Ma'auni ya haura 40, Binuwai ta janye har yara na buga ƙwallo a kan yashi. Ku masu shan ruwan sama ku riƙa tunawa da mu.

Saƙonka ya iso. Ka ce 'yan kasuwar unguwar Biriketeri sun ɗora maka jawabin taron shekara, tun ranar barci ya ƙaurace maka. Wallahi sai da na yi dariya, don na tuna nawa abin kunyar.

Shekara uku ke nan, a taron iyayen yara na makarantar unguwarmu, aka ce ni zan roƙi kuɗin gyaran rufi. Kwana uku ina rubutu, shafi huɗu cur. Da aka miƙo min makirfo sai na hau gaisuwa: mai unguwa, liman, na'ibi, wakilin wane da wakilin wane, kowa da kirarinsa. Kafin in kai kan rufi takardar ta jiƙe da gumi, tana kaɗawa a hannuna, idona kuwa na kanta. Da na ɗago sai na ga wani dattijo a sahun gaba ya ɗora hula a gwiwa yana gyangyaɗi. Can ladan ya kira azahar, jama'a suka watse. Ko dala ba a tara ba.

Bayan mako biyu aka sake zama. Wannan karon na sa yaro ya hau ya ɓallo min guntun kwanon da tsatsa ta cinye. Na yi sallama, na gaida manya, na ɗaga kwanon sama, rana tana ratsa hudojinsa. Na ce, "Wannan ne a kan 'ya'yanmu, ga damina tafe. Kowane gida sefa dubu biyu." Na maimaita da Fillanci, tunda rabin wurin shi suka fi ji. Sai na ja bakina na yi shiru. Shirun ya yi min tsawo kamar shekara, amma a cikinsa wata tsohuwa ta fara kwance bakin zanenta.

To ka ji, mutumina. Gaisuwa dole ce, wanda ya tsallake manya a wurinmu ya gama da kansa, amma ka dunƙule ta: sunaye uku, sauran ka ce iyayenmu da yayyenmu. Takarda kuma kada ta wuce tafin hannu, kanun magana kawai. Jumlar farko da ta ƙarshe ka haddace su kamar Fatiha, don a nan ne gwiwa ke sanyi.

Shirun nan ka koye shi. Ka duba tafsirin azumi: malam na fassara, mai jan baki ya ja aya, a wannan tsakanin ne magana ke zama a ƙirjin mutane. Mai tsoro shi ne ke sauri kamar ana korarsa. Tsawo ma ba shi ne ba. Dattawan Garwa har yau suna ba da labarin daren 4 ga Nuwamba 1982, da shugaban ƙasar Kamaru Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan, ya sanar a rediyo zai sauka bayan mulki tun 1960. 'Yan mintoci ne, amma kowa ya san inda yake zaune a daren.

Ka zaɓi fuska uku, dama da hagu da tsakiya, ka yi da su kamar muna hira a bakin shago. Kuma ka tuna samarin da aka haifa a can, wasunsu Faransanci ya fi zama a bakinsu, sai ka faɗi adadin kuɗi da ranaku da harshe biyu. Makirfo ka bar masa tazarar yatsu huɗu, kada ka busa shi, abin nan na ba ni haushi.

Ka ɗauki muryarka a waya ka turo min ta WhatsApp kafin Juma'a, zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi. Inna tana gaishe ka, tana tambayar yaushe za ka hau jirgin ƙasan Ngaundere ka zo mana.

Naka,
Amininka na Garwa