Wasiƙa daga Nima a kan Hasashen Girgizar Ƙasa

Nima, Accra

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka da kake tambaya ko da gaske akwai na'urar da ke jin zuwan girgizar ƙasa kafin ta auku, tunda ka ji an ce Accra a kan tsagar dutse take.

Maganar tsaga gaskiya ce. Girgizar ranar 22 ga Yuni 1939 ta rushe gidaje ta kashe mutane a garin nan, kuma har yau mutanen Weija, a yammacin Accra, sukan ji ƙasa ta motsa. Batun na'urar ne ke da sauran magana. Wasu masana na ganin idan duwatsun ƙarƙashin ƙasa suka matsu suna gab da tsagewa, sukan fitar da igiyoyin lantarki da maganaɗisu masu bugawa a hankali ƙwarai, ƙasa da sau 10 a daƙiƙa, waɗanda ke iya ratsowa har doron ƙasa. A 1989, na'urar Antony Fraser-Smith na Jami'ar Stanford, wadda ke kimanin kilomita 7 daga cibiyar girgizar Loma Prieta a Kalifoniya, ta fara nuna sauyi kusan mako biyu kafin girgizar, sannan alamar ta hauhawa ana saura sa'o'i uku. Sai dai ba a lura ba sai bayan mai aukuwa ta auku. A 2004 kuwa, da girgiza ta sami garin Parkfield a Kalifoniyar, na'urori suna girke suna jiranta, amma ba su nuna komai ba kafin ta auku. Ga shi kuma guguwar rana, wato fashewar da rana kan yi ta girgiza maganaɗisun duniya, da wayoyin wuta suna haifar da irin wannan alamar.

Ni abin da ke sa ni taka-tsantsan shi ne wani dare a Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan girgizar Haiti, da saƙon waya ya bazu cewa ƙasa za ta girgiza kafin wayewar gari. Na fito da Hajiya tana dogara sanda, na shimfiɗa mata tabarma a bakin titi cikin sanyin hunturu, muka zauna da maƙwabta har aka kira asuba, ko ganye bai motsa ba. Tarin da ta kwasa a daren ya kai ta wata guda.

Ƙanena ya fara gini a Weija, na ce masa kuɗinsa ya zuba su a kan rodi mai kauri da injiniya na gari. Ka gaida Hajiya Babba da yara.

Naka amini,
Abdulƙadir